Sabunta manhaja da jerin baƙaƙen Hausa: misalin kalmomin Tama

1. Gabatarwa

Wannan ɗan rubutu bai shafi nahawu kai tsaye ba. Ya shafi ajiyar abin da muke tarawa. Lokacin da Bernard Caron ya fitar da littafinsa kan Hausar Adar a 1991, yawancinmu a kati muke rubuta kalmomi, mu jera su cikin kwali. Yau ɗalibin da ya je Tama, cikin gundumar Buza ta jahar Tawa, ya ɗauko magana daga bakin tsofaffi, a kwamfuta yake zuba ta. Sau da yawa ma ba a tasa kwamfutar take zama ba, sai a kan wasu manyan na'urori da ma'aikata ta mallaka, masu ɗauke da manhajojin kowa. Shi ne abin da ake kira «cloud privé» da Faransanci. A nan za mu ce rumbun cikin gida.

Lokaci-lokaci kamfanin da ya ƙera manhajar rumbun yakan aiko da sabuntawar kwaskwarima, wato «mise à jour de maintenance». Galibi lambar ƙarshe ce kawai ke canzawa, kuma manufarta toshe ɓaraka da gyara kurakurai. Dole ne a yi ta. Abin da muke son nunawa shi ne, tana iya taɓa jerin baƙaƙe ba tare da kowa ya sani ba.

2. Inda matsalar take

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, ƙ tana da lamba 0199, ƴ 01B4, ɓ 0253, ɗ kuma 0257. In aka bi lambobin zalla, duka huɗun sai bayan z, kuma ƙ ta riga ɓ. Ke nan ana buƙatar wata ƙa'ida daban mai cewa ɓ na bin b, ɗ na bin d. Ƙa'idojin kuwa sun bambanta: ta Hausa da ke cikin tarin CLDR tana ɗaukar sh harafi guda mai zuwa bayan s, don haka «suna» ya riga «shanu», ta Faransanci tana sa «shanu» gaba.

To, wannan ƙa'ida ba lallai a cikin ma'ajiyar kalmomin take ba. PostgreSQL, alal misali, ya saba aro ta daga wani ɓangare na tsarin Linux mai suna glibc. A watan Agusta na 2018 aka fitar da glibc 2.28, wanda ya sake jerin sosai, ya kuma shiga Debian 10 da Red Hat 8 a 2019. Kafin nan, a ƙa'idar harsuna da dama, karan-ɗori ba ya shiga lissafi a zagayen farko na kwatanci. Daga nan ya shiga. Mu duba:

(a) tsohon jeri: mazaje, maza-maza
(b) sabon jeri: maza-maza, mazaje

A (a) an karanta «mazamaza», sai j ta riga m. A (b) karan-ɗori ya riga kowane harafi. Ga harshe mai yawan ninki kamar Hausa (iri-iri, tafiye-tafiye, sannu-sannu), wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan alhamzar «sa'a» da «jama'a», wadda na'ura ke ɗauka alamar rubutu ce in an buga ta da maɓallin da aka saba.

Mai karatu zai ce: sauyin jeri kawai, mene ne a ciki? Amsar tana ga fihirisa. Don saurin bincike, ma'ajiya takan gina fihirisa bisa jerin da ta tarar, ta riƙa nema kamar mai buɗa ƙamus: ta duba tsakiya, ta yanke ko gaba ko baya. In fihirisar ta tsohon jeri ce, binciken kuma na sabo, sai ta karkata inda kalmar ba ta nan, ta ce babu. Kalmar tana nan daram. Ɗalibi kuwa ya ɗauka mantuwa ya yi, ya sake shigar da ita, ta zama biyu. Sai daga fitowa ta 15, a 2022, PostgreSQL ya fara gargaɗi kan ƙa'idar da ma'ajiya gaba ɗaya ke bi. Tsofaffin fitowa shiru suke yi.

Gaskiya ne irin wannan sauyi ya fi zuwa da babbar sabuntawa. Amma a rumbun cikin gida manhaja da tsarin da take zaune a kai sukan zo ƙunshi guda, ƙaramar lamba a sama na iya ɓoye sabon Linux a ƙasa. Shi ya sa ba a dogara ga lambar.

3. Abin da ya kamata a yi

Masu kula da na'ura sun san nasu: a karanta takardar da ta rako sabuntawar, a ɗauki cikakken kwafi a ajiye waje, a gwada a kan kwafin tukuna, a kuma tabbatar da wutar ajiya, don yankewar lantarki a tsakiyar aiki ta fi kome ɓarna. Namu shi ne mu ba su ɗan jerin gwaji, kalmomi kamar ashirin masu ƙugiya, ninki, alhamza da alamar karin sauti. A jera su kafin sabuntawa, a jera bayanta. In ko ɗaya ta gusa, a sake gina fihirisa da umarnin REINDEX kafin a buɗe wa kowa.

In an makara har kalmomi sun ninku, umarnin zai tsaya a kan fihirisar da ke hana maimaici, sai an share ɗaya. A nan kada a bar wa ma'aikacin na'ura zaɓi. Shigarwa biyu masu rubutu ɗaya na iya bambanta a wurin ɗauka, wannan daga Tama, waccan daga Keta ko Madawa, ko a fassarar da aka ba su. Kuma wanda bai san karin Adar ba, da ya fara shara, yana iya haɗawa da «hwara» ya ce kuskuren «fara» ce, ko ya mai da «ɗiya» ƙarƙashin «ƴa». Wanda ya ɗauko maganar ne zai koma ga muryar da ya naɗa, ya saurara, sannan ya share.