Garin da ke Cikin Batirin Hasken Rana

Duk wanda ya zaga unguwar Gawuna a birnin Kano zai ga farantan hasken rana bisa rufin gidaje, amma ba kowa ya san abin da ke riƙe wutar cikin batiri ba. A yawancin na zamani wani gari ne, haɗin ƙarfe da fosfet da litiyam.

A ɗakin gwaje-gwaje masana kan narka gishirin ƙarfe a ruwa, su zuba asid na fosfet, sai gari ya kwanta. A tace, a wanke, a busar, sa'an nan a gauraya shi da litiyam da ɗan sukari, a gasa da zafin wajen digiri 700. In iska ta kutsa tanderun, aiki ya ɓaci. Bayan haka a haska shi da na'urar X-ray domin a tabbatar da tsarin ƙwayoyinsa.

Farfesa John Goodenough da almajiransa na Jami'ar Texas ta Amurka ne suka bayyana amfaninsa a 1997. Ƙasar Sin ke sarrafa mafi yawansa. Mu kuwa, ga dutsen fosfet kwance a ƙasar Dange ta Jihar Sakkwato, batirin kuma sai 'yan kasuwa sun nemi dala su shigo da shi.