Maciji, Garkuwa da Ƙwaron Ruwa: Yadda Aztek Suka Rubuta Sunaye

Wanda ya buɗe kundin Mendoza, wanda marubutan Aztek na ƙasar Meksiko suka zana wajen 1541, zai ga sarakuna zaune a kan tabarma, kowane da ɗan hoto da aka haɗa da ƙeyarsa da siririn layi. Wannan hoto ba ado ba ne. Sunan sarkin ne, kuma da harshensu na Nahuatl ake karanta shi.

Sarki Itzcoatl, wanda ya rasu a 1440, alamarsa maciji ne da tsinin baƙin dutse a gadon bayansa, domin itztli shi ne dutsen mai kaifi da aman wuta ke haifarwa, coatl kuwa maciji. Chimalpopoca garkuwa ce mai hayaƙi. Amma wanda ya fi ɗaukar hankalin ɗalibin ilimin halittu shi ne Axayacatl. An zana fuska da ruwa yana kwarara a kanta, wato atl da xayacatl. Kalmar kuma suna ce ta wani ƙwaron tafkin Texcoco da mutanen ke ci, har da ƙwansa. Marubucin bai zana ƙwaron ba. Sassan kalmar ya bi.

A nan dabarar take. Sau da yawa hoto sauti yake wakilta, ba abin da ido ya gani ba, kamar a ce Bahaushe ya zana kan mutum yana nufin "kai" na magana. Haƙori a Nahuatl tlantli ne, saboda haka haƙora biyu suna tsayawa a madadin -tlan, wato wuri: barewa da haƙora su ne garin Mazatlan. Bayan Sifaniyawa sun ci ƙasar a 1521, aka rubuta sunan gwamnansu Mendoza da tsiron metl, mai kama da kabar giwa, da tozan, dabba mai haƙa rami irin gafiya. Me da toza ke nan, domin harshen ba shi da sautin "d".

Ƙabilu ma haka. A kundin Boturini an jera al'ummomin da suka yi ƙaura tare, kowace da ɗaki da alamarta: raga ga Matlatzinca, fure a gona ga Xochimilca, dutse ga Tepaneca, kwari da baka ga Chichimeca. Huexotzinca kuwa, ɗalibai kada ku yi dariya, itace ne da ɗuwawun mutum, domin tzintli, ɗuwawu, shi ke ba da sautin tzin.

Ba sarakuna kaɗai ba. Rajistar haraji ta Huexotzinco ta 1560, wadda ke ajiye a Faris, tana ɗauke da dubban kawunan talakawa, manoma da masu sana'a, kowane da alamar sunansa a gefe, sannan an sake rubuta sunan da baƙaƙen boko. Wannan rubutu biyu shi ne ma'aunin da masana ke gwada karatunsu da shi.