Dajin Jan Itace na Kalifoniya da Ambaliyar 1955

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu kai ku Jihar Kalifoniya, a yammacin Amurka, inda itatuwa mafi tsawo a duniya suke. Mutanen wurin suna ce da su redwud, wato jan itace. A gefen Tekun Fasifik kaɗai suke da daji, daga kudancin Oregon zuwa tsakiyar Kalifoniya, wajen mil 450.

Akwai wata hanyar mota mai mil 31 da ta bi gefen Kogin Il ta ratsa dajin. Direba yakan yi tafiya cikin inuwa ko da rana tsaka. Wanda ya fi duka tsawo, da aka gano can arewa cikin 2006, ya kai ƙafa 380. Waɗansu sun haura shekara 2,000.

Ruwan sama ba ya sauka sosai a can lokacin zafi. To, me suke sha? Hazo mai laima yakan taso daga teku, ganye ya tare shi, ya ɗiga ƙasa kamar raɓa. Saiwarsu ba ta nitsewa da zurfi, sai dai ta bazu, ta sarƙe da ta maƙwabta, su riƙe juna.

Dajin cike yake da namomi. Akwai baƙar beyar, da wata dabba mai girman gwanki wadda ƙahoninta suke da rassa. Akwai tsuntsun teku da yake ƙwai bisa manyan rassa, ba a ga sheƙarsa a kan itace ba sai 1974. Kifin salmon kuwa yakan baro teku ya hau rafuka, ya yi ƙwai cikin tsakuwa mai tsabta.

Bayan an sami zinariya a 1848, mutane suka kwararo, aka shiga sara domin katako. Abin da ya rage na tsohon dajin bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. A 1918 aka kafa ƙungiyar ceton itatuwan, ta riƙa sayen daji ana keɓewa.

Amma ga inda aka yi kuskure. A wani rafi da yake zuba cikin Kogin Il, an keɓe manyan itatuwan kwari, aka bar na tudu ana sarewa. A Disamba 1955 ruwa ya sauka da ƙarfi, tudun ba abin da zai riƙe ƙasa. Ambaliya ta kwaso tsakuwa da laka, ta cinye gaɓa, ta kayar da ɗaruruwan itatuwan da aka keɓe. Dole aka koma aka sayi tudun ma.

Mu ma mun san wannan, gama mun ga fadamun da yashi ya binne bayan an share tudu. Idan ƙungiyarku tana da lambu a bakin rafi, ku hau ku duba inda ruwan yake fitowa. Ku yi shawara da masu gonakin can kafin a sa gatari.