Gubar da Muke Dasawa a Tsakar Gida

Duk wanda ya ajiye kare domin gadin gida ko tsaron garke ya ɗauki nauyin cinsa da shansa da lafiyarsa. Amma idan aka wayi gari kare ya mutu, nan da nan sai a zargi maƙwabci ko ɓarawo da ba shi guba, alhali sau da yawa gubar tana nan tsaye a bakin zaure, kuma maigida ne ya dasa ta da hannunsa.

Mafi haɗari shi ne furen nan mai dogayen ganye sirara da Faransawa ke kira laurier-rose, wanda ake ƙawata harabar gidaje da makarantu da shi. Ganyensa da furensa da reshensa duk dafi ne, ko da sun bushe. Zuciya yake kamawa, ya dagula bugunta, har ta kai ga tsayawa. Ƙariya da tumfafiya danginsa ne, kuma irin wannan dafin gare su. Ba banza ba maharba a sassan Afirka suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da ruwan ƙariya. Babban kare bai cika kusantar su ba saboda ɗaci. Abin tsoro shi ne kwikwiyo mai fitar da haƙora, wanda komai ya samu taunawa yake yi, da kuma karen da aka ɗaure wuni guda a gindin shuka ba abin yi.

Sai zurma da bini-da-zugu, waɗanda ake shinge da su. Dafinsu yana cikin 'ya'yan. Idan kare ya tauna su, zai iya shafe sa'o'i lafiya ƙalau kafin amai da zawo mai jini su taso. Dusar da ta rage bayan an tatse man zurma, wadda wasu ke taki da ita, ta sha kashe karnuka.

Albasa kuwa ta fi su yaudara, domin kullum tana cikin tukunyarmu. Ita da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dafuwa ba ta kawar da wannan illa. Albasa mai nauyin giram 100 tana iya taɓa jinin kare mai kilo 20, haka ma kaɗan-kaɗan da yake samu kullum a sauran miya. Sai bayan kwanaki ake ganin kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja. A lokacin babu mai tuna abincin shekaranjiya. Goro da inabi su ma ba na kare ba ne.

Idan aka ga kare yana dalalar da miyau, yana amai ko tangaɗi, a ɗebi reshe ko 'ya'yan abin da ake zargi a garzaya wurin likitan dabbobi. Ɗura madara ko manja ba ya karya waɗannan dafi, yana ma iya shaƙe dabbar. Ruwan gishiri kuwa wata gubar ce daban.

Wanda ya sassabe laurier-rose kada ya ƙona rassan, domin hayaƙin ma yana cutarwa. Ya binne su. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu da suka zube a riƙa share su, tunda yadda suke yi wa kwikwiyo haka suke yi wa yaro mai rarrafe.