Kifin da muke ci a Kudu: wa ke ciyar da shi a teku?

'Yan uwa mazauna Legas, Fatakwal da Kalaba, kullum muna sayen shawa da jatan lande, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar ina ne makiyayar kifi. Ni ɗan kara ne, don haka da saniya zan yi bayani.

Saniya ba ita kaɗai ke narkar da ciyawa ba. A tumbinta akwai ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da ciyawar, akwai wasu ƙananan halittu da ke cin bakteriyar, daga bisani ita saniyar ta narkar da su duka ta yi ƙiba. To haka abin yake a teku.

Ciyawar teku wasu 'yan tsirrai ne masu yawo a saman ruwa, ido bai ganinsu. Da hasken rana suke haɗa abinci, kuma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga gare su take. Wani kaso na abincin nan yakan tsiyaye ya narke a ruwa kamar sukari a shayi. Kifi bai iya cinsa, bakteriya ce ke tsotse shi. A cokalin shayi ɗaya na ruwan teku ana samun bakteriya kamar miliyan 5.

Wasu halittu masu 'yar wutsiya su haɗiye bakteriyar, waɗanda suka ɗan fi su girma su haɗiye su, har a kai ga ƙananan ƙwarin ruwa da 'ya'yan kifi ke rayuwa a kansu. A 1983 masana suka sa wa wannan zagaye suna. A kowane mataki kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin ne ke wucewa gaba, shi ya sa kifi ɗaya ke buƙatar makeken wurin kiwo.

Ga inda abin ya shafe mu. Idan jini da kashin shanu daga kwata suka kwarara cikin lagun, bakteriya ta samu gara, ta hayayyafa, ta shanye oksijin ɗin ruwan, kifi ya shaƙe ya taso matacce. Masunci ya dawo hannu rabbana, kifi ya yi tsada a kasuwa. Kashin nan kuwa taki ne, manoman lambu na neman sa da kuɗi. Gara ya tafi gona da ya bi kwalbati.