Injin Fetur ko na Dizal?

Hausawa da yawa a ƙauyukan Damazin, kudu maso gabashin Sudan, noman dawa da riɗi suke yi. Da damina hanyoyinsu baƙar laka ce mai riƙe taya. Saboda haka mai sayen tsohuwar Land Cruiser yakan fara duba injinta.

Injin fetur V8 mai lita 4.7, wanda ya fito a 1998, yana da gudu, amma akwai shi da shan mai. Na dizal kuwa, wato 1HZ mai lita 4.2, ya fito a 1990. Ba shi da sauri, sai juriya, kuma ko makaniken tarakta yana iya gyara shi. Mai bin kwalta fetur ya ishe shi. Mai shiga daji, inda gareji ke nesa, dizal ya fi masa.