KUƊIN JABU: A KULA DA JIKKA GOMA DA JIKKA BIYAR

Makiyayin da ya sayar da sa a kasuwa, ya karɓi damin takardu da almuru, ya ƙirga amma bai duba ba, yana iya wayin gari da asarar wahalar shekara guda. Banki ba ya musanya kuɗin jabu. Hannun da aka same su, nan asarar take kwana.

Takardun sefa da babban bankin BCEAO yake fitarwa domin ƙasashe 8, har da Nijar, iri 5 ne. Jikka guda mai raƙuma, jikka biyu mai kifi, jikka biyar da jikka goma mai tsuntsaye sun fito a 2003, sannan dala ɗari mai dorina ta biyo baya a 2012. Daga cikinsu, jikka goma da jikka biyar su ne ƴan jabu suka fi kwaikwaya.

Dalili a fili yake. Takarda da tawadar da za a ɓata wajen buga dala ɗari su ne za a ɓata wajen jikka goma, alhali ribar ta ninka sau 20. Mai jabu yakan sayi abin dala ashirin, ya miƙa babbar takardarsa, ya tafi da canji na gaskiya. A Turai kuwa, takardun yuro 20 da 50 aka fi kwaikwaya, domin manyan can ba su wucewa sai an bincike su. ƴan kasuwar Maradi da Ƙonni masu hulɗa da Najeriya su sani, naira 500 da 1000 ne abin ya fi shafa.

Ga abu uku da kowa zai iya yi. A taɓa: takardar gaskiya tana da kauri da amo, rubutunta yana da tudu ƙarƙashin yatsa. A ɗaga ta ga haske: za a hangi tambarin banki da zare a cikin jikinta. A karkata ta: zanen azurfa na manyan takardun biyu yana sauya launi.

Wanda aka cuta kada ya ce zai cuci wani, domin kashe jabu da sani laifi ne da ke kai mutum kaso. Ya kai ta banki, ko wurin ƴan sanda ko jandarma. Malaman yaƙi da jahilci kuma su nuna wa ɗalibansu waɗannan alamu, su kai ilimin gida da kasuwa. Rigakafi ya fi magani.